Tabon da Gwaggo Take Nuna wa Mata

Ranar Talata da hantsi muka rasa Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina 'yar shekara huɗu har ta kai ni ɗakin miji. Kafin azahar an yi mata sutura, an kai ta makwancinta a nan Ƙaura. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma.

Mun shimfiɗa tabarmi a tsakar gida daidai yawan dangi da maƙwabta, don mun san adadinmu. A rana ta biyu tabarmin suka kasa. Mata suka yi ta shigowa da sallama, fuskokin da ban taɓa gani ba. Wata daga Shinkafi, biyu daga Moriki, wata kuma ta taso tun daga Katuru a bayan babur, duk da tsoron da ke kan hanya yanzu. Inna, mahaifiyata, ta matso ta raɗa mini, “Waɗanga dangin mijinta na?” Na ce ban san su ba.

Wata doguwar mace daga Zurmi ta gama gaisuwa, ta ƙi tashi. Na tambaye ta yadda suke da marigayiya. Ta dafa mararta ta ce, “Ita ta kai ni.” Ta kusa da ita ta gyaɗa kai ta ce ita ma haka.

A ƙofar ɗakin Gwaggo, maƙwabciyarta mai kitso ta zauna ta miƙe ƙafa. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ba ta kuma taɓa abincin da aka ajiye mata ba. A zaure kuwa Baba, mahaifina, yana karɓar gaisuwar maza. An ce mini duk wanda ya ce masa ya yi haƙuri da rashin yaya, sai ya amsa, “Uwa dai. Uwa na rasa.”

'Ya'yana sun san Gwaggo a matsayin tsohuwa mai suyar ƙuli-ƙuli, mai faɗa in an taka mata gyaɗar da ta shanya. Ba su san abin da ya tara waɗannan mata ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, tun abin yana sabo a kaina.

Gwaggo gajeriya ce, mai ƙarfin hannu. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma duk Alhamis tana kasuwar Shinkafi da jarkokinta. Allah bai bar mata ɗa ko ɗaya a raye ba, shi ya sa Baba ya ɗauko ni daga Zurmi ya ba ta. Ba ta iya lallashi da baki. In ta ga raina ya ɓaci, sai ta ɗebo tunkuza mai ɗumi ta dunƙula ta tura mini a hannu ta ce, “Ci, ki bar ɓata mini fuska a gida.” Tana son rediyo, tana kuma gardama da shi. In mai labarai ya faɗi abin da bai kwanta mata ba, sai ta ce masa, “Kai dai hwaɗi, muna ji.” Asibiti kuwa ba ta yarda da shi ba ko kaɗan. A cewarta, wurin da ake tuɓe mutum a gaban baƙi ba wurin zuwan mai mutunci ba ne. Tana da tukunyar saiwoyi a bayan ɗaki, ita ce likitanta.

Shekara goma sha shida ke nan da abin ya same ta. Lokacin ta kusa hamsin, mijinta ya yi shekara uku da rasuwa. Ni kuma ina koyarwa a firamare, ina ɗauke da cikina na fari, gidan mijina yana bayan layinta. Da farko abinci ne ya daina shiga. Ta yi loma biyu ta ture kwano ta ce ta ƙoshi. Sai yawan fita fitsari, sai nauyi a mara. Ta ce basir ne, ta ƙara saiwa a tukunya. Daga baya ciki ya fara tasowa. Wuyanta yana ramewa, zane kuma yana ƙin haɗuwa a ƙugu.

A gidan mai kitso maganar ta fara. Mata suna zaune a can yini guda, kai a cinya, baki ba hutu. Wata ta ce ta lura Gwaggo ta daina fashin salla. Mai kitso ta ce ai bazawara mai zuwa Shinkafi duk mako, ta shiga motar wannan ta fito ta wancan, ba a rasa labari. Kafin wata ya ƙare, maganar ta zagaye unguwa. Masu sayen mai suka ragu. Akwai ranar da muka fito tare daga gidan suna, na ji wata a bayanmu tana cewa, “Ko wa za ta riga sauka, uwar ko ɗiyar?” Gwaggo ta ji. Ba ta waiwaya ba, sai dai ta ƙara sauri har na kasa cim mata.

Maganar ta kai Zurmi. Baba ya bar gona ana tsakiyar noman gero ya zo. Ina gidan lokacin. Gwaggo ta yi murna da ganin ƙaninta, ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, ta zuba man shanu ta kai masa. Bai buɗe kwanon ba. Ya zauna yana kallon ƙasa, can ya ce, “Yaya, maganar da ni ka ji ta hana ni shiga mutane. Ki gaya mini gaskiya. In akwai wanda za a nema, a neme shi a rufa asiri.”

Gwaggo ta dube shi. Ta ce, “Ni na goya ka. Ni na tauna maka abinci da uwarmu ta rasu. Yau ni kake tambaya wagga magana?”

Ya ce, “Tambaya ce kawai.”

Ta tashi ta ɗauke kwanon tuwon daga gabansa ta ce, “Tunda ba ka cin abincin hannuna, tashi ka kama hanya tun da rana.”

Washegari da sassafe ta aiko a kira ni. Na tarar ta yi wanka ta yafa mayafinta na zuwa biki. Ta ce, “Kai ni wurin na'urar nan da ta ga cikinki. Ta duba nawa ta hwaɗa wa gari.”

Haka Gwaggo ta fara taka asibiti a rayuwarta, don ta wanke sunanta. Aka yi mata hoton ciki. Ma'aikaciyar ta daɗe tana zagaya abin a kan mararta, ta fita ta kira likita. Ya duba ya ce babu jariri, ko alamarsa. Gwaggo ta ce, “Rubuta.” Ya ce amma akwai wani ƙullutu babba da ya tsiro a jakar ƙwai, wato inda ƙwan haihuwa yake a jikin mace, kuma bai yarda da kamanninsa ba, sai mun wuce babban asibiti a Sakkwato. Ta ce, “Rubuta na farkon tukuna.”

Ta karɓi takardar, ta sa na karanta mata sau biyu, ta ba wani direban Zurmi ya kai wa Baba. Daga nan ta ce magana ta ƙare. Sunanta ya wanku, saura na Allah ne, ba mai yanka ta. Na yi roƙo, mijina ya yi, liman ma ya aiko matarsa. Ta ƙi. Mako biyu muna haka, ciki yana ƙara girma, har ta koma yin salla a zaune.

Ranar da na gaji, na same ta tana ɓarar gyaɗa. Ban san lokacin da na ce, “To shi ke nan. Sai ki gaya mini wadda za ta yi mini wankan jego, in je in fara gaishe ta tun yanzu.” Hannunta ya tsaya. Ta dubi cikina ta ce, “Inna tana nan.” Na ce, “Inna ta haife ni. Ke kika yi mini komai, wannan ne za ki bar wa wata?” Ta ci gaba da ɓara. Da na tashi tafiya ta ce, “Motar Sakkwato ƙarfe nawa take tashi?”

A can aka yi gwaje-gwaje, aka tabbatar sankara ce. Likitar da ta karɓe mu mace ce, ba ta da gaggawa. Ta zaunar da mu ta ce wannan cuta ba ta da wata alama tata ta kanta. Kumburi, saurin ƙoshi, ciwon mara, yawan fitsari, duk abubuwan da mace take ɗauka ba komai ba ne. Shi ya sa mata da yawa ba sa zuwa sai ta bazu a ciki, a lokacin kuma aikin ya yi wuya. Ta ce wadda aka samu tun cutar tana wuri ɗaya, sau da yawa tana warkewa ta ci gaba da rayuwarta. Ko waɗanda suka makara, maganin yanzu yana ƙara musu kwana fiye da yadda ake samu a da. Game da Gwaggo kuwa, ta ce ba za ta yi alkawari ba sai an buɗe an gani.

Gwaggo ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “Ke za ki yi, ko namiji?” Likitar ta ce ita da abokan aikinta. Ta ce, “To ki tsaya kusa.”

Ana gobe aiki aka ce a nemo jini. Ni ga ciki, ba a karɓi nawa ba. Na fito baranda ina tunanin wanda zan kira, sai na ga Baba zaune a kan benci da buhunsa a gefe. Ashe tun jiya ya iso, ya kasa shiga. Ya ce, “Kada ki hwaɗa mata ina nan.” Aka gwada nasa ya dace, aka ɗiba. Ya yi ta kwana a harabar asibitin, yana tambayata ta ci ko ba ta ci ba, bai yarda ta gan shi ba.

Aikin ya ɗauki rabin yini. Da likitar ta fito, ta ce sun cire ƙullutun da mahaifar gaba ɗaya, kuma bisa abin da suka gani cutar ba ta yi nisa ba. Irin mai girma a wuri ɗaya ce. Na durƙusa a wurin na yi sujada.

Kwana huɗu bayan haka Gwaggo ta ga ledar jini a rataye ta ce, “Wannan na wane ne?” Na kau da kai. Ta ce, “Ba ki iya ƙarya ba tun kina ƙarama.” Na gaya mata. Ta juya fuska bango. Can ta ce, “To, ko ina so ko ba ni so, ga shi nan cikin jikina. Ce masa ya shigo, ya bar zama waje kamar baƙo.” Baba ya shigo ya tsuguna a gefen gado, dattijo da furfura. Ta tura masa kwanon kunun da aka kawo mata ta ce, “Sha.” Ya shanye tas. Iyakar sulhun ke nan, ba su sake tada maganar ba har ta bar duniya.

Bayan aiki sai maganin ƙarin ruwa, duk bayan mako uku, har sau shida. Wannan ya fi yankan wahalar da ita. Amai, kasala, baki ya daina jin ɗanɗano, gashi ya zube har gira. A zuwa na uku ta ce ta gama, ba ta komawa. Baba ya zo daga Zurmi ya zauna a zaurenta ya ce shi ma ba ya komawa gona sai ta shiga mota. Ta yi masa faɗa son ranta, sannan ta shiga.

Na haihu tana tsakanin na biyar da na shida. Ba ta iya ɗaga bokiti. Aka ajiye mata kujera 'yar tsugune a bayan ɗaki, Inna tana ɗebo ruwan zafi, ita kuma tana riƙe da ganyen darbejiya tana tsomawa tana fyaɗa mini. Hannun ba ƙarfi, amma bakin yana nan. “Juyo. Ba haka ba. Ke da kika ce sai ni, ga ni.” Kwana arba'in ba ta fasa ko ɗaya ba, sai ranakun da take Sakkwato.

Da gashinta ya fara tsirowa, fari fat, gajere kamar na jariri, ta aike ni in kira mai kitso. Tun da labarin takardar ya fita matar take kauce wa layinmu. Na ce, “Gwaggo, duk masu kitson garin nan?” Ta ce, “Ita ta san kaina.” Matar ta shigo, ta fara, “Yaya, ni dai abin da na ce...” Gwaggo ta zare ɗankwali ta ce, “Ga shi, ɗan kaɗan ne, ki yi dabara. Kuma ki bar ba ni haƙuri. Ba don bakinki ba, da ina nan ina shan saiwa har in mutu. Amma daga yau duk wadda ta ɗora kai a cinyarki ta ce cikinta yana kumburi, ki turo mini ita kafin ki tura labarinta gari.”

Haka aka yi kuwa. Wurin da aka ɓata sunanta, nan ya zama hanyar da mata suke iske ta. A kasuwar Shinkafi ma haka. Mace ta zo sayen mai, Gwaggo ta dube ta sama da ƙasa ta ce, “Kina cin abinci ki ƙoshi, ko loma biyu ki ji kin cika?” Wasu su yi dariya, wasu su ji haushi. Wadda ta tsaya, sai ta ja ta bayan rumfa ko cikin ɗaki, ta kwance zane ta nuna mata tabon, dogo tun daga saman cibiya har ƙasa. Matar da a da ko ni ba na ganin cikinta. Ta ce, “Duba da kyau. An buɗe, an rufe, ga ni ina cin tuwo.”

Ba ta taɓa cewa ita likita ce ba. Da yawa cikin waɗanda ta raka, aka duba aka ce ba sankara ba ce, wani abu ne mai sauƙi. Sai ta ce, “Madalla, mun sha iskar mota.” In miji ya hana, ta yafa mayafi ta je ta same shi a ƙofar gida, ta gaishe shi da ladabi, ta zauna. Ba ta tashi sai ya ba da izini. Ta san wace ƙofa ake fara shiga a asibiti, wane layi ake bi, me ake ci ranar ƙarin ruwa. Ita da ba ta san harafi ɗaya na boko ba, tana ajiye katinta a gwangwanin alewa, ba ta taɓa tsallake ranar komawa gwajin jini ba. Da likitar ta ce wani lokaci cutar tana bin dangi, ni da ƙannena mata muka shiga uku da tambaya.

Ba duka aka samu ba. Wadda ta fi tsaya mata a rai ƙanwar mai kitso ce, da ke aure a wani ƙauye bayan Moriki. Ta aiko tun da wuri cewa tana jin alamun, amma a lokacin hanyarsu ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, ga damina. Da ta samu fitowa, wata biyar sun wuce. An yi mata abin da za a iya, ta samu shekara biyu, ta aurar da 'yarta, sannan ta rasu. Gwaggo ta yi kwana uku ba ta kunna rediyo ba. Na ce mata ai ta yi iyakar ƙoƙarinta. Ta ce, “Na sani. Shekara biyun ma ba banza ba ce. Amma da hanya ta buɗe, da yanzu muna zaune da ita.” A mako na gaba ta koma kasuwa, ta ci gaba da tambayar mata.

Ta ga yaye da kaciya da saukar karatun jikoki. Ta je Makka ta dawo tana ba da labarin yadda ta yi ɗawafi da ƙafarta, ta ƙi keken da aka kawo mata. A 'yan shekarun nan hawan jini ya kama ta, zuciya kuma ta fara gajiya. Ta bar zuwa Shinkafi, sai dai mata su same ta a gida.

Makon da ya wuce numfashi ya yi mata wuya, ƙafafu suka kumbura, muka kwantar da ita a asibiti nan Ƙaura. Ran Litinin bayan la'asar ta farka, ta ga likita yana duba takardunta. Ta ce masa, “Ɗana, ka duba cikin nan da na'ura.” Ya ce, “Hajiya, zuciya ce ke damunki, ba ciki ba.” Ta ce, “Na ji. Duba dai.” Ya ga ba za ta bari ba, ya sa aka gungura ta aka duba, aka kuma ɗebi jini. Da sakamako ya fito ya ce babu komai, wurin yana nan yadda aka bar shi.

Ta lumshe ido, ta nemi hannuna. Ta ce, “Kin ji da kunnenki?”

Na ce, “Na ji, Gwaggo.”

Ta ce, “Ina tahiya, na sani, kuma ban da ƙorahi. Amma za su ga ƙahwahuna sun kumbura, su ce ita ce ta dawo ta ɗauke ni. In sunka ce haka, wata tana can za ta ce mi ne amfanin yankan, ta zauna gida. Ki hwaɗa musu ba ita ba ce. Ki hwaɗa da ƙarfi, ke ba ki da murya.”

Na ce zan faɗa. Ta ce in jiƙa mata leɓe, na jiƙa. Da safe ta yi salla da ishara, ta yi kalmar shahada, hantsi na ɗagawa ta cika.

To ga shi na faɗa, a rubuce, inda muryata ba za ta hana a ji ba. Ba sankara ce ta kashe Gwaggo ba. Ta same ta tana kusan hamsin, aka cire, ta sha magani, ta rayu shekara goma sha shida tana cin tuwo tana faɗa da rediyo, sannan ta rasu da ciwon zuciya kamar sauran tsofaffi. Wadda ta karanta wannan, ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya yalwata mata kabarinta, Ya sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi. Mu kuma da muka saura, Ya ba mu kyakkyawan ƙarshe. Amin.